Asabar shida a kwas ɗin neman kujerar hedimasta a Sakkwato

Ban nemi shiga wannan kwas da kaina ba, kuma ya kamata mai karatu ya san haka tun farko domin ya auna maganata da mudun da ya dace. Wata ranar Laraba da na dawo daga makaranta, na tarar da rasit a ƙarƙashin kwanon abincina, an rubuta sunana da kuɗi N30,000, an buga hatimin wata cibiya mai zaman kanta da ke horar da malaman firamare masu neman shugabancin makaranta. Mai ɗakina ce ta biya, da kuɗin adashen da ta yi wata goma tana zubi daga ribar ƙanƙara da zoɓo. Da na ɗaga takardar ina dubanta, sai ta ce, "Malam, shekara 19 kana riƙe da alli, waɗanda sunka zo bayanka sun zama hedimastoci. Mi kaka jira?" Ban ba ta amsa ba a wannan dare. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, ni kuwa an ci ladan a madadina ba tare da an shawarce ni ba, don haka ranar Asabar na sa hula na tafi. Na rubuta wannan ne saboda na san akwai malamai da yawa a garin nan da ake ajiye wa irin wannan rasit, kuma suna da haƙƙin sanin abin da kuɗin ke saye.

Ba zan kama sunan cibiyar ba. Ba ta da ginin kanta. Tana hayar aji biyu ne a wata makarantar kuɗi da ke ɓangaren Mabera, kuma karatun Asabar shida ne, daga ƙarfe tara na safe zuwa biyu na rana. Tallarta tana yawo a rukunonin WhatsApp na malamai, kuma kamar yadda na gano daga baya, ta fi yawo a rukunonin matan malamai. An yi alkawarin horo a kan shugabancin makaranta, adana littattafan aiki, gwajin intabiyu da takardar shaida, sannan a ƙasa da manyan baƙaƙe an rubuta cewa kujerarka tana jiranka. Mu 43 ne muka yi rajista, maza 29 da mata 14, wasu daga cikin gari, wasu kuma daga Wamakko da Bodinga da Kware da Dange, suna sammako a motar haya su ƙarasa da kabukabu. Karɓar baƙi ta yi tsari, domin an ajiye wani saurayi mai ladabi da kwamfuta a bakin ƙofa, ya duba rasit ya ba kowa lamba. A teburinsa ne kuma na fara jin cewa takardun darasi ba sa cikin kuɗin da aka biya, sai an ƙara N3,000, maganar da tallar ba ta yi ba ko a ƙananan baƙaƙe.

Asabar ta farko ta kusa sa in daina zuwa. Wani matashin malami ne ya zo da majigi, wuta ta ɗauke kafin ya gama haɗa wayoyi, janareta kuma babu mai, sai ya koma karanto mana laccarsa daga wayar hannu a cikin zafin da ke sa riga ta manne da baya. Abin da ya karanta gaskiya ne, kuma ana iya tambayarsa a intabiyu: shirin ilimin firamare kyauta na 1976, shirin ilimin bai-ɗaya da Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar a nan Sakkwato ranar 30 ga Satumba 1999, dokar 2004 da ta wajabta shekara tara na karatu kyauta ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin tallafa wa jihohi, kafa hukumar rajistar malamai ta TRCN a 1993, da matsayin NCE na mafi ƙarancin shaidar koyarwa. Sai dai duk wanda ya ratsa Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari yana da waɗannan a tsofaffin littattafansa. Inda asirinsa ya tonu shi ne lokacin da wata malama ta tambaye shi yadda ake tsara jadawalin darussa a makarantar da ke da aji 12 da malamai bakwai. Ya amsa da cewa manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga yara 35. Ajin ya fashe da dariya, ita kuwa ta ce masa cikin natsuwa yaran ajinta 94 ne, kuma ba manufa ta tambaya ba.

Abin da ya ceci kwas ɗin, kuma a ganina shi kaɗai ya cancanci kuɗin, shi ne dattijon da ya karɓi Asabar ta biyu da ta uku. Tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya bayan ya riƙe makarantu huɗu, uku daga cikinsu a ƙauye. Bai zo da majigi ba. Ya zo da buhu, ya zazzage shi a kan tebur, sai ga littattafan da makaranta ke tsaye a kansu: rajistar shiga makaranta, rajistar kiran suna, littafin sa hannun malamai, littafin baƙi, littafin kuɗi, littafin kayan makaranta, littafin horon masu laifi, da kuma littafin tarihin makaranta wanda malamai ke kira logbuk. Ya raba mana kwafin shafin rajistar wani aji na mako huɗu, an shafe sunayen yaran, ya ce mu haɗa lissafin safe da na rana mu gaya masa abin da muka gani. Ni da na yi shekara 19 ina jan karan safe da karan rana, ina zagaye sifili ga wanda bai zo ba, na gama kafin kowa, lissafina kuma ya fita daidai. Ya duba ya ce, "Ɗana, ka ƙirga, amma ba ka karanta ba." Sai ya ɗora yatsa a kan rana ɗaya da ke maimaita kanta kowane mako, inda sifili ya yi jere a ɓangaren 'yan mata. Ranar kasuwar garin ce, an tafi talla. Ya ce malamin aji yana ƙirga waɗanda suka zo, hedimasta kuwa dole ya san ƙofar gidan kowane sifili, ya san wanda talla ta ɗauke, da wanda gona ta ɗauke da faɗuwar damina, da yarinyar da sifilinta ya fara jeruwa saboda an karɓi kayan gaisuwarta.

Ya daɗe a kan logbuk, ni ma zan daɗe. Littafi ne da hedimasta kaɗai ke rubutu a cikinsa, kuma duk abin da ya faru a makaranta yana shiga da kwanan wata: ranar buɗewa da rufewa, zuwan sabon malami, ziyarar masu duba makarantu, rasuwa, gobara, sata. Ya karanta mana wani shafi daga kwafin nasa, na shekarar da iskar farkon damina ta yaye rufin aji biyu da dare. Da asuba ya tara manyan yara suka bi gonaki suna tsinto kwano, ya ƙirga falle 31 daga cikin 48, ya rubuta adadin da lokacin da sunan ɗakin da aka ajiye su, sannan ya kai wa mai unguwa da liman littafin suka sa hannu. Bayan wata biyar wani da suka saɓa ya kai ƙara cewa hedimasta ya sayar da kwanon makaranta. Masu bincike suka zo, ya buɗe shafin, suka buɗe ɗakin, suka ƙirga 31, magana ta mutu a tsaye. Ya rufe takardar ya ce mana, "Wanga littafi shi ka tsaya maka ranar da kowa ya manta." Na ji wannan labari ya shige ni fiye da duk laccar da na taɓa zama a kan shugabanci, domin ya nuna mini cewa kujerar da ake yi mini sha'awa kujera ce da mutum ke tara shaidar kare kansa tun kafin a tuhume shi.

Sai kuma jan layi. A littafin sa hannun malamai, idan lokacin shiga aji ya yi, hedimasta yana jan layi da jan biro ƙarƙashin sunan ƙarshe, duk wanda ya zo bayan nan ya sa hannu a ƙasan layi kowa yana gani. Dattijon ya ce jan layin ba ya ɗaukar daƙiƙa biyu, amma ya ga mazaje da digiri sun kasa jansa. Ya kira ni gaban aji, ya ce in ɗauka shi malami ne da ya girme ni da shekara goma, ya makara sau uku a mako, kuma yayan matata ne. In yi masa magana. Na fara da gaisuwa, na tambayi iyali, na yi kewaye-kewaye har na ƙare da ba shi haƙuri, ajin kuwa yana ta dariya. Ya ce kuskurena biyu ne: na yi maganar a gaban mutane, kuma ban yi ta ba. Hanyarsa ita ce ka fara zuwa gidan mutum bayan la'asar ka gaishe shi ka ji damuwarsa, domin wani makararsa rashin kuɗin mai ne, wani jinya yake yi. Idan ka yi wannan sau biyu bai gyara ba, to ka rubuta takardar tuhuma ka ajiye kwafi, kuma kada ka aika wani ya kai masa. Ya bi da mu ta kwamitin gudanar da makaranta na al'umma, wanda ke haɗa wakilin sarauta da malaman addini da mata da tsofaffin ɗalibai, ya nuna cewa tunda doka ta hana karɓar kuɗin makaranta, hedimastan da bai iya zama a zauren mai unguwa ya roƙi buhun siminti ba tare da ya zubar da girmansa ba, zai zuba ido bango ya faɗi.

A ƙarshen Asabar ta uku wani malami daga Bodinga ya yi tambayar da ke cikin kowa, wato nawa ake ƙara wa mutum idan ya hau kujerar. Dattijon ya yi murmushi ya ce albashi yana bin mataki ne, shugabancin makaranta kuwa wurin aiki ne da ake tura mutum, don haka malamin aji da hedimasta da ke mataki ɗaya kusan abu ɗaya suke ɗauka, kuma ɗan alawus ɗin da ke biyo kujerar, inda ma ake biyansa, ba ya kai abin da ke fita daga aljihu. Ya lissafa mana a allo: alli idan ya yanke, jan biro da rajista, kwafin takardun ƙidayar makarantu ta shekara-shekara, man babur zuwa ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, ruwan baƙi, gudummawar suna da ta rasuwa ga kowane malami da ke ƙarƙashinka. Babba juji ne, in ji shi, kuma jujin makaranta ba ya samun ranar kwashewa. Ya ƙara da cewa sabon hedimasta ba kasafai ake fara ba shi makarantar bakin titi ba. Ni ina zaune a cikin gari, ina koyarwa a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin da ke kewaye da birnin, tafiyar minti 20 a babur kan kwalta. Kujerar da za ta iya faɗowa kaina tana can inda kwalta ta ƙare, inda ake tura babur cikin yashi da rani, a cire takalmi a ratsa ruwa da damina.

Na kawo wannan lissafi gida a daren, ina zaton zai kashe maganar. Bai kashe ba, kuma a nan dole in yi wa mai ɗakina adalci, domin masu ba'a da matan da ke tura mazajensu neman muƙami ba sa tsayawa su saurari dalili. Babban ɗanmu yana shirin neman gurbi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuɗin haya ya tashi, kuma mudun gero ba ya tambayar matakin albashin mai saye. Bayan wannan akwai abin da ya fi kuɗi ciwo. Mijin ƙanwarta ya zama hedimasta shekara biyu da suka wuce, kuma a kowane gidan biki sai an sami wadda za ta tambaye ta, da murya mai kama da tausayi, ko har yanzu Malam shina aji. Ita ke haɗiye wannan tambaya, ni ban taɓa jinta da kunnena ba. Hujjarta ta ƙarshe kullum ita ce wadda ta gada daga mahaifinta, cewa Shehu Shagari ma hedimasta ya yi a Argungu kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979. Nakan ce mata haka ne, Abubakar Tafawa Ɓalewa ma ya riƙe makarantar midil ta Bauchi, amma a zamaninsu hedimasta yana cikin mutum uku ko huɗu da ake tashi tsaye idan sun shigo taro a gari. Sunan ya riƙe ƙamshinsa a gidajenmu har yau, alhali abin da ke cikin tukunyar ya canja. Takan ce to ko ƙamshin ne a kawo mata.

A hutun sallar azahar na gane cewa ba ni kaɗai ba ne. Cikin mazan da muke cin ƙosai tare a gindin darbejiya, aƙalla biyar sun amsa cewa daga gida aka turo su. Lamarin matan ya fi sarƙaƙiya. Akwai wadda maigidanta ya yarda ta yi kwas ɗin, har shi ke kawo ta a mota, amma ya gindaya sharaɗin cewa ba za ta karɓi makarantar da za ta kai ta bayan la'asar a waje ba, kuma ba za ta zauna taron kwamiti da maza ba, wanda daidai yake da a ce ta nemi kujerar amma kada ta zauna a kai. Akwai kuma wadda nata mijin ne ya matsa mata, saboda ya ji cewa kuɗin gyaran ajujuwa suna bi ta hannun shugabar makaranta, ita kuwa tana goyo, kuma ta faɗa a fili cewa ajinta na ɗaya ya fi mata komai daɗi. Malamar nan mai yara 94 ita ce kaɗai na ji ta ce da bakinta tana son kujerar, kuma da wani ya yi mata shaguɓe a kan shugabancin mata, sai ta tuna masa cewa a ƙasar nan ce Nana Asma'u ta naɗa jajis, wato malamai mata masu jagoranci, suna bin ƙauyuka suna karantar da mata tun ƙarni na 19. Bai sake magana ba.

Wannan ya kawo ni babban laifin cibiyar. Asabar ta huɗu an ware ta ne ga daidaita aiki da iyali, kuma na tafi da ɗokin jin yadda za a taɓa wannan ƙurji. Sai ga matashin ranar farko ya dawo, wannan karon da wuta, yana haska mana hotunan da aka kwaso daga intanet na mutanen wata duniya zaune a ofis mai sanyi. Shawarwarinsa su ne mutum ya rubuta jadawalin iyali na mako ya manna a bango, ya kashe waya bayan ƙarfe shida, ya ware ƙarshen mako domin shaƙatawa. Ban san a wane gari hedimasta ke kashe waya ba, alhali uban yaro yana iya yin sallama a ƙofar gidansa bayan isha'i, kuma ba a cewa baƙo ya dawo lokacin aiki. Da malamar da aka gindaya wa sharaɗi ta yi ƙarfin hali ta faɗi halin da take ciki, sai ya ce a yi haƙuri a dage da addu'a, ya danna hoto na gaba. Addu'a ba abin rainawa ba ce, amma ba N30,000 ake biya a ji wannan ba. Abin mamaki shi ne cibiyar ta san sarai su wa ke biyan kuɗin, tunda a rukunonin matan aure take baza tallarta, amma ba ta ga dacewar ta gayyaci mata da mazajen mahalarta ko na awa ɗaya ba, su zauna gaban dattijon nan su ji lissafin da ya yi mana a allo. Da ni ne mai cibiyar, da wannan zaman zan fara, kuma da matar dattijon zan roƙa ta zo ta yi wa matan bayanin shekarun da ta yi tana dafa abincin dare ga mutumin da bai san lokacin dawowarsa ba.

Gwajin intabiyu na Asabar ta biyar ya yi kyau ga waɗanda suka shiga da wuri. Mutum uku ne a tebur, dattijon a tsakiya, kuma an yarda abokinka ya ɗauke ka bidiyo da wayarka domin ka kalli kanka a gida. An tambaye ni bambancin manhaja da tsarin aikin zango, da matakin da zan ɗauka idan malami ya doki yaro har ya ji rauni uban ya zo da sanda, da abin da zan fara yi a makon farko a makarantar da ban san kowa ba. An kuma buɗe fayil ɗina takarda bayan takarda: ta ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, ta ƙarin girma na ƙarshe, shaidar NCE, shaidar TRCN. A nan aka gano lasisina na koyarwa ya ƙare ban sabunta ba, abin da zai iya kunyata ni a gaban kwamitin gaske, kuma wannan kaɗai na gode wa cibiyar a kansa. Da na kalli bidiyon na ga ina murza hula ina duban ƙasa kamar wanda ya zo biko. Matsalar ita ce lissafi: mutum 43 a awa biyar. Na farko sun sami minti goma sha biyar, na ƙarshe kuwa, waɗanda galibinsu masu zuwa daga nesa ne da suka makara wajen karɓar lamba, minti uku aka ba su ana duban agogo. Kuɗi ɗaya suka biya da mu.

Takardar shaidar tana da kyau a ido, da zanen ruwan zinariya a gefe, kuma sai da aka ƙara N2,000 kafin a miƙa ta. Amma ya kamata kowa ya sani cewa ba ta ɗauke da hatimin kowace hukumar ilimi. Naɗin hedimastan firamare yana fitowa ne ta hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ana duba daɗewa a aiki da mataki da takardun karatu da tarihin aikin mutum, kuma sai an sami gurbi. Gurbin ma ba ya samuwa da sauri, musamman a inda aka fara aiki da dokar 2022 da ta ɗaga ritayar malamai zuwa shekara 65 na haihuwa ko 40 na aiki, domin wanda ke kan kujera zai ƙara shekara biyar a kanta. Akwai cibiyoyin gwamnati da ke horar da malamai da shugabannin makarantu, irin su Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna tun 1976 da cibiyar tsare-tsaren ilimi da ke Ondo, sai dai mai hangen kujera daga nesa ba kasafai yake samun horo a kan aikinta ba sai ya hau, kuma wannan giɓin ne cibiyoyi masu zaman kansu ke ci a ciki. Cike giɓin ba laifi ba ne. Laifin shi ne abin da mai cibiyar ya yi a jawabin rufewa, da ya rage murya ya ce suna da mutanensu a inda ya dace, duk mai son a bi masa sawu ya same shi a ofis. Dattijon yana zaune a gefe, na ga ya sunkuyar da kai yana jan tasbaha. Ban je ofis ɗin ba, kuma ba na ba kowa shawarar zuwa.

Idan aka haɗa komai, kwas ɗin ya ci N35,000 ban da man babur. Asabar biyu da rabi sun yi daraja, ɗaya ta yi dama-dama, sauran kuwa ɓata lokaci ne a cikin zafi. Malamin da ke son ya koyi aikin, ko mataimakin hedimasta da aka bar wa littattafai ba tare da an nuna masa kansu ba, zai amfana, da sharaɗin ya tambaya tun kafin ya biya ko dattijon ko wani irinsa yana cikin masu koyarwa, ya kuma nemi a rubuta masa jimillar kuɗin gaba ɗaya. Wanda kuwa ya ɗauka satifiket ɗin tikitin kujera ne, gara ya sayi buhun shinkafa da kuɗinsa. Wanda aka biya wa daga gida irina, ya yi ƙoƙari ya zo da mai biyan ko sau ɗaya, ko da cibiyar ba ta gayyace ta ba.

Ni haka na yi ranar rufewa. Bayan an watse, mai ɗakina ta durƙusa ta gaida dattijon, ta ce, "Baba, don Allah gaya min gaskiya, Malam ya cancanta?" Ya ce, "Ɗiyata, littattafai kam ya iya su. Jan layi ne ban sani ba." Sannan ya tambaye ta ko za ta yarda in fita bayan asuba in dawo bayan magariba, ko za ta yarda kuɗin alli ya riƙa fita daga kuɗin cefane, ko za ta iya zama gidan biki ɗaya da matar malamin da na ba takardar tuhuma. Ba ta amsa ko ɗaya ba. A kan babur ma ba ta ce uffan ba har muka wuce Gawon Nama, sannan ta matso kusa da kunnena ta ce, "To a nemi ta kusa da gari." Na ce mata ta kusa da gari ita ce wadda kowa ke nema. Ta ce ai shi ya sa ta biya kuɗin kwas.

Satifiket ɗin yana rataye a falo sama da talabijin, ita ta sa aka yi masa gilashi. Na sabunta lasisina, na miƙa fayil ɗina, kuma ina mayar mata da kuɗin adashenta N5,000 duk wata, saura wata uku. Makon jiya hedimastanmu ya tafi ta'aziyya Gwadabawa, ya bar mini littafin sa hannu da jan biro na kwana biyu. Ranar farko da lokaci ya yi na ja layin, hannuna yana ɗan rawa, kuma mutumin da ya fara sa hannu a ƙasansa shi ne abokin da ya riƙe mini alkyabba ranar ɗaurin aurena. Bayan la'asar na tafi gidansa kamar yadda aka koya mana, yaro ya fito ya ce ba ya nan, alhali babur ɗinsa yana jingine a zaure. Kafin in iso gida matarsa ta riga ta kira tawa a waya.